Yadda za ka sa moter marar sharbon a motar hawan dutse da kuɗi kaɗan

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu motocin telekomandi, musamman mu na nan Damagaram da Allah ya hore mana duwatsu har cikin gari, a wasu ƙasashe sai mutum ya sayi siminti ya gina tudun da motarshi za ta hau, mu kuwa ka zagaya wajen Birni kawai ga su nan jibga-jibga kyauta. Tambayar da ake yawan yi ita ce wane moter brushless (wato marar sharbon) ne mai sauƙin kuɗi da za a sa wa motar hawan dutse, kuma wane ESC (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa moter daga batiri) ne zai tafi da shi. To bari in faɗi abin da na sani dalla-dalla, don kaya ne da ake kwamandi daga nesa, in ka yi kuskuren saye babu shagon da za ka maida.

Abu na farko, kuma don Allah a riƙe shi, motar hawan dutse ba motar gudu ba ce. Abin da ake so gare ta shi ne tafiyar hawainiya, taya ta taka dutse a hankali ta kama shi ta ɗaga jikin motar, ba fizga ba tsalle. Saboda haka waɗannan haɗin masu arha da kuke gani a AliExpress, moter da ESC tare an rubuta 3300KV ko 4300KV, ba naka ba ne ko da an ce rabin kuɗi ne. Na motocin tsere ne. Dalili kuwa, irinsu ba su da sensa a ciki, ESC ɗin ba ya sanin inda maganaɗisun moter yake sai moter ya fara juyawa da ɗan ƙarfi, don daga wutar da moter ke maidowa yake gane wurin. To kai kuma a gindin dutse kana son ka taɓa maƙulli, wato abin ba da wuta na jikin telekomandi, kaɗan ne, sai ka ji motar tana kakkarwa tana kar-kar-kar, ka ƙara kaɗan sai ta zabura ta kife. Babu regilaj ɗin da zai gyara wannan gaba ɗaya, haka aka ƙera shi.

Wanda ni nake ba mutane shawara a kai in motar 1/10 ce (kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske), irin su Traxxas TRX-4, Axial SCX10 ko Redcat Gen8 da 'yan kwaikwayonsu na China, shi ne Hobbywing QuicRun Fusion SE. Moter ne girman 540 wanda aka haɗa ESC ɗin a cikin jikinshi, gwangwani guda, wayoyin batiri biyu da igiyar resiba (mai karɓar umarnin telekomandi) da makunni ne kawai ke fitowa. Yana da sensa, yana aiki da tsarin da ake kira FOC, ma'ana in ka riƙe maƙulli a wuri guda motar za ta riƙe wannan saurin ko tana hawa ko tana gangara, shi da kanshi yake ƙara ƙarfi in ya ji nauyi. ESC ɗin 40A ne, yana ɗaukar batirin LiPo 2S ko 3S, wato mai ɗaki biyu ko uku, kuma ana samunshi iri biyu, 1200KV da 1800KV. Amma babban abin da ya sa nake sonshi ga garin nan shi ne a rufe yake. Duk wanda ya ga yadda ƙurar hunturu ke shiga ɗaki ko an kulle taga ya san abin da nake nufi, kuma igiyar sensa ta waje da ke wasu motoci tana cikin abubuwan da ke fara ba da matsala, shi wannan ba shi da ita sam. Akwai yayanshi Fusion Pro mai 2300KV da 60A, ya fi tsada, in ba motarka na da nauyi sosai ba SE ya ishe ka.

Maganar KV ba ta da wuya. Lamba ce ta yawan juyin da moter ke yi a minti guda kan kowane bolt in babu kaya a kanshi. Batiri 2S bolt 7.4 ne, 3S kuma 11.1. In ka lissafa, 1800KV a kan 2S zai ba ka juyi 13,320, haka ma 1200KV a kan 3S zai ba ka 13,320 daidai, ka ga kenan abu guda ne a wajen sauri. Don haka ka fara duba batirin da ke hannunka kafin ka zaɓa. Mai 2S ya ɗauki 1800, mai 3S da dutse kawai ya dame shi ya ɗauki 1200, wanda kuma yake son in ya sauko daga dutse ya ɗan taka a fili ko ya ratsa rairayi, 1800 da 3S zai kai shi kusan juyi 20,000, rairayi na son taya mai saurin juyi in ba haka ba motar tonawa take ta zauna.

Akwai wata hanya da ta yi tashe yanzu, wato moter outrunner, wanda gwangwanin waje ne ke juyawa irin na jirage marasa matuƙi, a haɗa shi da ESC mai manhajar AM32. AM32 manhaja ce ta kyauta da kowa ke iya gani ya gyara, tana da wani yanayi da ake ce ma sine, wanda ke juya moter marar sensa a hankali ƙwarai har ka iya ƙirga haƙoran taya suna wucewa. Haɗin ba shi da nauyi, ƙarfinshi daga ƙasa abin mamaki ne, kuma sau da yawa ya fi arha. Ga ƙananan motoci 1/24 da 1/18 irin SCX24 da TRX-4M ma mutane da yawa outrunner suke sawa, kamfanonin Furitek da Injora duk suna yin kayansu. Sai dai gaskiya ba na kowa ba ne. Sai kana da kwamfuta da ɗan abin haɗi na USB, ka shiga ka rubuta mashi KV ɗin moter da yawan maganaɗisu, galibi 14 ne amma ka ƙirga naka ko ka duba takarda, ka kunna sine, ka kunna birki in an tsaya, ka rage ƙarfin sine ɗin in ka ji yana zafi don wannan yanayin yana shan wuta sosai ko motar ba ta wani motsi. Wasu ESC ɗin kuma ba su da BEC, wato abin da ke rage wuta ya ba resiba da sabo (servo, mai karkata tayoyin gaba), sai ka saya daban. Sannan outrunner a buɗe yake, maganaɗisunshi na janyo baƙin yashi mai ƙarfe-ƙarfe, in ka yi wasa a ƙasa ka dawo ka leƙa ciki za ka ga ya yi gashi-gashi a jikin maganaɗisun, ka juya da hannu ka ji ƙaras-ƙaras. Mai haƙurin buɗewa yana sharewa zai ji daɗinshi, wanda ba shi da wannan lokacin ya tsaya a kan Fusion.

In kuma aljihu bai kai ba a yanzu, kar ka ji kunya, ESC ɗin Hobbywing QuicRun 1080 da moter mai sharbon 35T ko 45T suna hawa dutse lafiya lau kuma sun fi arha, sharbon ne kawai ke cinyewa a hankali. Ya fi maka sau dubu a kan brushless marar sensa na motar tsere.

To kaya sun iso, sai ɗaurawa. Kafin ka kwance tsohon moter ka ɗauki hoto da waya ta kowane gefe. Ka auna wurin, don Fusion ya ɗan fi 540 na gargajiya tsawo, a wasu motoci yana taɓa akwatin resiba ko sabo. Sandar moter 540 kaurinta milimita 3.175 ne, yawanci tsohon pinyonka, wato ƙaramin giya na kan sandar, zai shiga, amma wasu outrunner suna zuwa da sanda 4 ko 5, ka duba kafin ka biya kuɗi. Haƙoran pinyo kuma dole su zama iri guda da na babban giya, TRX-4 misali 32P take amfani da shi, in ka sa mata 48P ba za su ciji juna daidai ba, cikin ɗan lokaci giyar ta gama. Ƙaramin bis ɗin da ke riƙe pinyo ka ɗaure shi a kan gefen sandar da aka fafe, ka ɗiga mashi maganin riƙe bis mai shuɗi, ba ja ba, ja in ya kama sai da wuta.

Bis biyu da ke riƙe moter ɗin su ma ka lura da tsawonsu. In sun yi tsawo suna shiga ciki su taɓa wayar tagulla da aka naɗa, moter sabo fil ya ƙone tun bai taka dutse ba, wannan asara ce mai ciwo kuma ana yinta. Wajen daidaita giya ka yanko 'yar takardar littafi ka sa tsakanin pinyo da babban giya, ka matsa su, ka ɗaure, ka juya takardar ta fita. In ka girgiza babban giya da yatsa ya kamata ka ji ɗan wasa kaɗan, ƙis-ƙis, ba a matse ba kuma ba sako-sako ba.

Fish ɗin batiri in bai yi daidai da naka ba, XT60 ya fi sauƙin samu kuma yana riƙewa. In ba ka iya sudir ba ka kai wa masu gyaran rediyo ko talabijin a Kasuwar Dole, ka ce malam don Allah da babban ƙarfe za a yi, don ƙaramin na gyaran waya ba ya narkar da dalma a kan waya mai kauri, sai ta manne a sama-sama ta saki daga baya. Kuma ka tsaya a kanshi ka ga ja ta tafi wajen alamar tarawa baƙa wajen ɗebewa, in aka juya su ESC ɗin nan take yake mutuwa.

Kunnawar farko ka ɗora motar a kan bulo tayoyi a sama. Ka kunna telekomandi tukuna sannan motar. Sai ka koya ma ESC hannun telekomandinka kamar yadda takardarshi ta nuna, tsakiya, gaba har ƙarshe, baya har ƙarshe, kar ka tsallake wannan, yawancin masu cewa motata na tafiya ita kaɗai nan matsalar take. In ka ja gaba tayoyi suka yi baya, a outrunner marar sensa sai ka musanya kowane biyu cikin wayoyi ukun, a Fusion kuwa cikin katin regilaj, 'yar na'urar da ake jona mashi don canza tsarinshi, ake juya shi. Masu TRX-4 ku sa ran haka don moter ɗinta na asali juyin baya yake. Katin nan ka tabbatar yana cikin kwalin da ka saya, in babu ka haɗa shi cikin kwamandi guda, kuɗin aike sau biyu ba daɗi.

A cikin katin abubuwa uku ne suka fi muhimmanci. Birkin riƙewa, wanda ke tsayar da motar cak a kan gangara in ka saki maƙulli, ka ɗaga shi sama amma ka sassauta saurin kamawarshi, in ba haka ba tana gangarowa ka saki sai ta tuntsura ta gaba. BEC kuma yana ba da bolt 6 ko 7.4, kar ka sa 7.4 sai ka karanta a jikin sabo cewa yana ɗauka. Sai yanke wuta in batiri ya yi ƙasa, ka barshi a kunne kullum in LiPo ne, kada kowane ɗaki na batirin ya sauka ƙasa da wajen bolt 3.2.

Zafi shi ne abokin gabarmu na gaske. Watan Afrilu da Mayu gari na wuce digiri 40, dutsen kanshi da rana ko hannu ba ka iya ɗorawa, kuma motar hawan dutse ba ta gudu balle iska ta hura mata. Bayan minti goma na farko ka tsaya ka ɗora yatsa a kan moter, in ba ka iya barinshi daƙiƙa huɗu ko biyar ya yi zafi da yawa, ana son ya tsaya ƙasa da digiri 70. Maganinshi ka rage pinyo da haƙori ɗaya ko biyu, ka duba ko akwai rulma da ta cije ko giyar da ta matse, kuma ka maida wasanka da sassafe ko bayan la'asar. In taya ta maƙale a tsaga kar ka yi ta danna maƙulli da ƙarfi, ja baya ka sake layi.

Batirin LiPo kuma kar a barshi cikin mota a rana ko ɗakin kwano da aka kulle. Ka yi sharjinshi a kan siminti kana kusa, da ƙaramar igiyar balans a haɗe, mai 3000mAh amfiya 3 ya ishe shi. In za ka ajiye shi kwanaki ka sauke shi zuwa 3.8 kowane ɗaki, sharjer mai kyau na da wannan tsarin, wanda ya kumbura kuwa a daina aiki da shi. Sharjer irin iMAX B6 yana karɓar wuta daga batirin bolt 12, don haka ko an ɗauke kuran batirin solarka zai yi aikin. Masu haɗa tsofaffin batiran kwamfuta 18650 kuma, zai motsa motar, amma da ta ji nauyin dutse wutar ke faɗuwa ESC ya yanke, in za ka haɗa ka nemi sababbi masu ba da amfiya da yawa. Ka kuma tambayi mai sayarwa tun farko ko yana aiko batiri zuwa Nijar, da yawansu ba sa sa LiPo a jirgi, wani lokaci ta Kano ya fi sauƙin samuwa.

In ka dawo gida ka cire batiri, ka share moter da busasshen buroshin fenti, ka hura iska ta gefen sanda, ka ɗiga ɗigo guda na mai marar kauri a rulmar gaba sannan ka goge abin da ya fito waje, don man da ya rage a waje ƙura yake tarawa ya kai ta cikin rulmar.