Yadda Za Ki Yi Addu'a Idan Aurenki Ya Fara Tsami

A zumuntar mata nake hidima, kuma da wuya Lahadi ta wuce ba tare da wata ta ja ni gefe bayan sujada ta ce, "Mama, ki sa ni a addu'a, gidana ba lafiya" ba. Abin da nake gaya musu ke nan.

Ki fara da samun wuri. A Matiyu 6:6 Yesu ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Na san a gidan haya mai ciki da falo, ga yara, wannan ba sauƙi. Ki tashi da asuba kafin ki hura wuta, ko a kicin ne. Minti goma kullum ya fi kwanan addu'a sau ɗaya a wata.

Yawancinmu idan mun durƙusa, ƙara muke kaiwa: ya yi kaza, uwarsa ta ce kaza, ya Ubangiji ka nuna masa. Ki yi kukanki, ba laifi. Hannatu ma ta zuba baƙin cikinta a Shilo har Eli firist ya zaci ta bugu (1 Sama'ila 1). Amma kada ki tashi a nan. Ki buɗe Zabura 139:23-24, inda Dauda ya roƙi Allah ya bincike zuciyarsa, ki karanta a hankali, sannan ki yi shiru. Abin da Ruhu Mai Tsarki ya tuna miki, ki faɗe shi yadda yake: gorin da kika yi masa a gaban yara ranar da bai kawo kuɗin cefane ba, gabar da kika yi har gaisuwar safe ta gagara. Ban ce laifin naki ne ba. Sau da yawa kaso mafi girma nasa ne. Sai dai ɗan kason nan naki shi ne a hannunki, kuma da shi Yesu ya ce a fara a Matiyu 7:5.

Bayan haka ki yi wa maigidanki addu'a da sunansa, ki kuma ambaci ainihin matsalar. Idan giya ce ki ce giya, idan bashi ne ki ce bashi, idan wata ce a waje ki faɗa. Kina iya cewa:

"Ya Uba, ga ni, ga mijina. Kai ne shaidar alkawarin da muka yi a gaban ikilisiya. Ka gafarta mini kaifin bakina. Ka cire zuciyar dutse daga cikinmu duka biyu, kamar yadda ka faɗa a Ezekiyel 36:26. Ka raba shi da giya, ka albarkaci aikin hannunsa. Ka ba ni magana mai taushi yau. Cikin sunan Yesu, amin."

Roƙa masa albarka zai yi miki nauyi da farko. Ki daure. Yana da wuya ki ci gaba da ƙin mutumin da kike roƙa wa alheri kowace safiya.

Idan kin tashi, ki aikata. Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko, wato hadaya, a bagade a je a shirya da wanda aka saɓa wa tukuna. Ki jira ya ci abinci, yara sun yi barci, ki ce, "Baban yara, maganar da na faɗa ranar nan ba ta dace ba, ka yafe mini." Kada ki ƙara da "amma kai ma".

'Yan'uwana maza, ku ma ku ji. 1 Bitrus 3:7 ya ce ku girmama matanku don kada wani abu ya hana addu'o'inku. Wanda ya tsawata wa matarsa a gida ya zo yana ɗaga hannu a majami'a, ya koma ya karanta ayar nan.

Idan ya yarda ku yi addu'a tare, ku gajarta. Addu'ar Ubangiji ma ta isa. Kada ki mai da ita wa'azi kina jifansa da habaici, zai gane, kuma ba zai sake durƙusawa da ke ba.

Idan abu ya ƙi, Matiyu 18:15-16 ya nuna hanya: ku biyu tukuna, sannan mutum ɗaya ko biyu. Ki nemi fasto da matarsa, ko dattijon ikilisiya mai riƙe sirri. Kada ki baje maganar a taron zumunta da sunan neman addu'a. Ki kuma guji mai sayar miki da mai ko ruwa yana cewa uwar mijinki mayya ce. Irin wannan ya raba gidajen da zama ɗaya na dattawa zai iya gyarawa.

Idan kuwa dukanki ake yi, 'yata, ki ɗauki yara ki tafi gidan iyayenki ko inda za ki tsira. Dauda bai tsaya mashin Saul ya same shi ba, ya kauce, bai kuma daina addu'a ba. Tun 2015 Najeriya ta yi dokar hana cin zarafi wadda ta haɗa da dukan mata ko miji, jihohi da dama kuma sun karɓe ta, don haka kina da damar kai ƙara. Ki ci gaba da yi masa addu'a daga inda kike, kada ki koma sai iyayenki da dattawa sun ga canji da idonsu na tsawon lokaci.