Kumburin da ba ya sauka: kurakuran da ake ta yi da safar matsi a Kano

In hannu ko ƙafa ya kumbura wata da watanni, an duba ƙoda lafiya, zuciya lafiya, hanta lafiya, amma kumburin yana nan daram, to akwai yiwuwar abin da likitoci ke kira limfidima ne. Jikin mutum yana da wasu siraran hanyoyin ruwa daban da jijiyoyin jini, su ke kwashe ruwan da ke taruwa cikin nama su bi da shi ta kaluluwar hammata da ta matsematsi su mayar cikin jini. In aka cire kaluluwar a aikin kansar mama, ko gashi da na'ura da ake yi wa masu ciwon kansa ya lalata ta, ko tsutsar nan da sauro ke sakawa mai kawo tundurmi ta ɓata hanyoyin, ko kuma dama haka aka haifi mutum hanyoyin nasa basu cika ba, sai ruwan ya rasa wajen bi ya zauna. Ba a cika warkewa gaba ɗaya ba, amma ana iya riƙe shi ya zauna ƙarami mutum ya ci gaba da harkokinsa, kuma babban abin da ke riƙe shi ɗin safar matsi ce. Abin da ke damuna shi ne mutane da yawa sun kashe kuɗi sun saya, sun sa sati biyu sun jefa a ƙasan wadrob suna cewa ba ta aiki, alhali yadda aka yi amfani da ita ne ya ɓata lamarin.

Tun kafin a zo kan safar ma akan yi ɓarna. Ƙafa ta kumbura, sai a ce ta tsallaka wani abu ne ko jifa aka yi, a kira wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho, wasu har sakiya ake musu wai a fitar da mugun ruwa. Dan Allah a daina. Ruwan ba a jaka ɗaya yake ba balle a huda ya tsiyaye, a cikin nama yake ko'ina, kuma gaɓar da ke da wannan larura ba ta iya yaƙi da ƙwayar cuta kamar ɗaya gaɓar, kowace tsaga ƙofa ce aka buɗe wa ciwo. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, aska ce kawai kar ta taɓa wajen. Haka gasa wajen da tawul da tafasasshen ruwa, ko tausa mai ƙarfi irin ta mai ɗori, zafi yana ƙara janyo ruwa wajen ne. Tausar da ake yi wa wannan kumburi a hankali take, fata kawai ake ja, ana farawa daga wuya da gangar jiki kafin a sauko kan gaɓar, ma'aikatan fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa jiki a asibiti, su ne ke koyar da ita.

Sai maganin sa fitsari, wanda ake karɓa a kemis ba takardar likita, irin su Lasix. Kwana biyu na farko mutum zai ga kamar ya ɗan saɓe, amma ruwan limfidima yana da furotin a ciki, maganin ya ja ruwa ya bar furotin ɗin, naman ya ƙara tauri, ga jiri ga gishirin jiki ya rikice. In likita ya rubuta shi saboda zuciya ko hawan jini wannan daban, a sha. Masu tundurmi kuma su sani, Mectizan da albendazol da ake rabawa suna kashe ƙananan tsutsotsin da ke cikin jini ne su hana yaɗuwa, yana da kyau a sha in an kawo, sai dai ba za su sauke ƙafar da ta riga ta kumbura ba, wannan sai wanki da kula da fata da matsi.

Yanzu sayen safar. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a aiki yaro Sabon Gari ko a turo daga waje a ce a samo babba ko matsakaiciya, wani ma a gwanjon Kofar Wambai zai tsinto. Safar gwanjo robarta ta mutu, ba abin da za ta yi. Farar safar nan kuma da ake sa wa wanda aka yi wa tiyata yana kwance, ta hana daskarewar jini ce, matsinta bai kai ya riƙe wannan kumburin ba. Safar gaske awo ake yi mata, a auna idon sawu, sha-raɓa, ƙasan gwiwa, cinya in za ta kai can, da tsawon ƙafar, hannu kuma wuyan hannu da gwiwar hannu da dantse, kuma da safe ake awon lokacin da kumburin ya fi sauka. An saƙa ta ne ta fi matsewa a ƙasa tana sassautawa tana hawa, shi ke tura ruwa sama. Tana da aji-aji, a ma'aunin Jamus aji na 1 matsinsa 18 zuwa 21 ne, na 2 kuma 23 zuwa 32, na 3 daga 34 zuwa 46, a ma'aunin da ake rubutawa mmHg, na Ingila da na Amurka lambobinsu sun sha bamban, shi ya sa cewa "a ba ni aji biyu" kawai bai wadatar ba, a duba lambar da ke jikin kwalin. Akwai kuma mai laushi mara ɗinki da mai kauri mai ɗinki a baya, in ƙafar ta yi ninki-ninki ko siffarta ta canza mai kaurin ce ke dacewa, mai laushin shigewa take cikin ninkin ta yanke fata. Wannan zaɓin ba na mai shago ba ne. A je sashen fisiyo, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Murtala, a nemi a auna a rubuta, sannan a saya.

Dalilin da ya sa nake nanata a fara ganin ma'aikacin lafiya, akwai waɗanda matsi zai cutar. Wanda jini ba ya sauka ƙafarsa sosai, wanda ciwon suga ya kashe masa jin ƙafa har ba zai san ta matse ba, mai ciwon zuciya da ruwa ya taru masa, wanda ƙafa ɗaya ta kumbura kwatsam da zafi wanda zai iya zama jini ne ya daskare, duk sai an duba su tukuna. Ko an auna ɗin ma, in yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka mutu, ko ciwo ya tsananta, a cire nan take a koma asibiti.

Wani abin da ba a cika gaya wa mutane ba, safa ba ita ke sauke babban kumburi ba, riƙewa take. In gaɓar ta yi girma sosai da bandeji ake farawa, ana naɗawa hawa-hawa da auduga ko soso a ciki, kullum ko bayan kwana biyu, na 'yan makonni, tare da tausar nan da motsa jiki, sai ta sauka sannan a auna safa. Wanda ya sayi safa kan ƙafar da ba a sauke ba ya riƙe ta a girmanta ne kawai. Kuma bandejin ba irin na targaɗe mai miƙewa sosai ba ne, akwai nasa wanda ba ya miƙewa da yawa, yana tokare nama in ana tafiya ya sassauta in an huta. Na targaɗen in aka ɗaure tam aka kwana da shi zai iya hana jini gudu.

Lokacin sawa. Da yawa sai sun ga ƙafa ta cika da la'asar sannan su ɗauko safa su fara kokawa da ita. Da safe ake sawa, bayan wanka da alwalar asuba, fata a bushe, kafin a fara zirga-zirga, a cire in za a kwanta sai dai in likita ya ba da wadda aka yi don dare. Nan ne maganar alwala ke shigowa, kuma ita ce ke sa mutanenmu da yawa ajiye safar, don cirewa da mayarwa sau biyar aiki ne, musamman ga dattijuwa mai ciwon baya. Addini bai bar mai larura haka ba, akwai babin shafa a kan ɗauri da bandeji a fiƙihu, a kai wa malamin da aka amince da shi bayanin likita yadda yake, ya faɗi hukuncin da ya dace da halin mutum. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a zuba ruwa kan safar a bar ta da danshi a jiki, ko a mayar da ita kan jiƙaƙƙen yatsu, tsakanin yatsun nan ruɓewa yake, daga nan ciwo ke shiga. In an wanke a goge tsakanin kowane yatsa da ƙyalle mai tsabta.

Yadda ake sawa ma akwai gyara. Kar a kama bakinta a ja da ƙarfi, a juya ta bai har dunduniya, a zura ƙafa, a rinƙa hawa da ita kaɗan-kaɗan ana shafawa, safar hannu ta roba irin ta wanke-wanke tana taimakawa sosai wajen kamawa, a cire zobe da awarwaro kar su ja zare. In ta yi tsawo kar a naɗe bakin, wannan ninkin daidai yake da ɗaure tiyo da roba, ruwa zai tsaya a ƙasa. Kar kuma a sa almakashi a rage ta. 'Yar uwa da aka yi wa aikin mama, in kin sa ta dantse kika ga bayan hannu da yatsu suna cika, kina buƙatar ta tafin hannu ki haɗa, ki faɗa wa mai duba ki kar ki yi shiru.

Zafin Kano kuwa ba sai an faɗa ba, daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, ga ba wuta, mutum ji yake kamar ya yage safar. Na san da wuya wallahi. Amma a lokacin ne kumburin ke ƙaruwa, wanda ya ajiye ta har damina zai tarar ba ta shigarsa. Gara a sami guda biyu ana canzawa, a zaɓi mai buɗaɗɗen yatsu in likita ya yarda, a rage fita tsakar rana, a sha ruwa sosai, don rage shan ruwa ba ya rage wannan kumburin.

Wanki: kullum ko bayan kwana ɗaya, don gumi da maiƙo ke cin robar, wankin kuma yana dawo mata da ƙarfinta. Ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mai sauƙi, ban da Hypo, ban da murɗewa, a naɗe a tawul a matse a shanya a inuwa, ranar Kano kashe ta take, dutsen guga kuwa kar ya kusance ta.

Fata ita ce rabin aikin, ga masu tundurmi ma ita ce kan gaba. A wanke gaɓar da sabulu da ruwa mai tsabta safe da yamma har cikin ninki, a busar. Da hunturu faso ke tsage dunduniya, a shafa mai, amma da dare bayan an cire safa, don basilin da man kaɗanya in suka taɓa robar suna lalata ta. Kar a yi yawo ba takalmi ko a tsakar gida ne, kar a ba masu yankan farce na kan hanya wannan ƙafar, kar a kankare kaushi da reza, a kwana cikin gidan sauro. Baƙin lalle mai sinadari yakan ƙona fata, a bar shi a wannan hannun ko da biki ne. Awon jini da allura da ƙarin ruwa, in akwai hali a miƙa ɗaya hannun.

In kuwa wajen ya yi ja, ya ɗau zafi, ga ciwo ga zazzaɓi da rawar sanyi, kar a ce maleriya ce a sha magani a kwanta. Ƙwayar cuta ce ta shiga fata, tana buƙatar antibiyotik a ranar, daga hannun likita, kuma a shanye shi duka. A cire safar in tana ƙara ciwo, a mayar da zarar an samu sauƙi. Duk lokacin da wannan ya faru yana ƙara lalata sauran hanyoyin ruwan da suka rage, shi ya sa wanda yake yawan samunsa ƙafarsa ke ƙara girma shekara bayan shekara.

'Yan uwa kuma kan yi kuskure cikin tausayi, a ce Hajiya ki zauna kar ki taɓa komai. Safa tana aiki ne in nama yana motsi a ƙarƙashinta, don haka tafiya da ɗan aikin gida da motsa idon sawu da dunƙule hannu a buɗe duk magani ne, a fara kaɗan a ƙara a hankali. In an zauna a ɗora ƙafar kan filo. Doguwar tafiya a mota zuwa Abuja ko jirgin Umara da Hajji, a sa safar tun daga gida, a rinƙa motsa ƙafa a hanya. Rage ƙiba ma yana taimakawa ƙwarai.

Safar ba ta shekara da shekaru. Wajen wata 6 ana sawa kullum ƙarfinta ya tafi ko da ido bai ga yagewa ba, in ta fara shiga da sauƙi ko tana zamewa to ta gama. Tunda kuɗinta ba kaɗan ba ne, a fara tara na gaba tun ranar da aka sayi wannan. A samu tef ɗin tela da ɗan littafi, duk sati a auna wurare uku ko huɗu da safe a rubuta, a tafi da littafin ranar ganin likita, kuma kafin a sayi sabuwa a sake awo, don girman da aka auna bara ba lalle ya zama na bana ba.