Kurakuran da aka fi yi wajen tantance babbar lambar firam

Lambar firam ita ce wadda ta haura 1 kuma babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Saboda haka 1 ba ta ciki, 2 kuwa tana ciki, ita kaɗai ce firam mai rabuwa biyu. Matsalar da ta fi yawa ita ce a yi wa lamba shaida da ganin ido ko da gwajin da bai kai hujja ba.

Ana yawan ɗauka cewa duk lamba mai siffar 2^p − 1 (a jera 2 guda p, a ninka su da juna, a cire 1), wato ajin Mersenne, firam ce muddin p firam ce. Sharaɗin dole ne, amma bai isa ba. Da p = 11 ana samun 2047, wadda take 23 × 89. Shi kansa Marin Mersenne, a jerin da ya fitar a 1644, ya saka 67 da 257 alhali ba su cancanta ba, ya tsallake 61 da 89 da 107. A 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287.

Maganin wannan shi ne gwajin Lucas–Lehmer. A fara da 4. A ninka lambar da kanta, a cire 2, a raba da 2^p − 1, a riƙe sauran. A maimaita sau p − 2 cif. In an ƙare da sifili, firam ce, in ba haka ba, ba firam ba ce. Ga 31, inda p = 5: daga 4 sai 14, daga 14 sai 194 wadda sauranta 8, daga 8 sai 62 wadda sauranta 0. Mataki uku ke nan. Masu rubuta manhaja kan maimaita sau p − 1, ko su bar rabawar sai ƙarshe, lambar ta kumbura har ta cika ma'adanar kwamfuta. A kowane mataki ake rabawa.

Gwajin Fermat ma yana yaudarar mutane. A cikinsa, in n ce lambar da ake bincika, ana zaɓar wata lamba t da ba ta kai n ba, wato tushe, a raba t^(n − 1) da n; in sauran 1 ne, n ta tsallake gwajin. Lambar 341 tana tsallake shi da tushe 2, alhali 11 × 31 ce. Lambobin Carmichael, waɗanda ba firam ba ne amma suke tsallake gwajin, sun fi haɗari, ta farkonsu 561, wato 3 × 11 × 17, domin tana tsallakewa da duk tushen da bai haɗa mai rabawa da ita ba. A koma gwajin Miller–Rabin, wanda ya fi na Fermat tsauri, da tushe daban-daban, kuma a rubuta sakamakon da sunansa na gaskiya: "mai yiwuwa firam ce".

Mai gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a lambar da, in an ninka ta da kanta, za ta kai wadda ake bincika. Ga 2,147,483,647 iyakar ba ta wuce 46,341 ba.

Kada a saka irin waɗannan lambobi a Excel, alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, sauran ya mayar da su sifili. 2^61 − 1 tana da 19. Python, harshen rubuta manhaja, yana riƙe su duka.

Don sanin tsawon lambar Mersenne, a ninka p da 0.30103, a yar da guntun, a ƙara 1. Wadda Luke Durant ya gano a Oktoban 2024 ta GIMPS, shirin haɗin gwiwa na neman firam ɗin Mersenne ta intanet, 2^136,279,841 − 1, alƙalumanta 41,024,320 ne. Ga p mai girma haka, sai an ƙara wa 0.30103 alƙaluma kafin lissafin ya fito daidai.