Yadda za ka raba waifai ɗaya ga na'urori da yawa ba tare da ya riƙa rarrafe ba

Ina da shagon buga takardu a wani bene a Kano: kwamfuta shida, firinta biyu, ga wayoyin yarana da na masu zuwa cike fom. Kusan shekara na yi ina tsine wa kamfanin da nake sayen data a wurinsa, ashe rabin laifin a cikin shagona yake.

Kafin ka taɓa komai, ka gane cewa waifai majalisa ce, baki ɗaya ke magana a lokaci guda. Duk na'urar da ke son aika saƙo sai ta kasa kunne tukuna. In ta ji shiru, ta ɗan dakata na wani lokaci da ta zaɓa kamar ƙuri'a, sannan ta aika. In biyu suka buɗe baki tare, saƙonnin sun lalace, babu wadda rauta, wato akwatin da ke raba waifai, za ta ce wa "na ji", sai kowace ta ja baya, ta ninka iyakar jiranta, ta sake gwadawa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Sunan tsarin CSMA/CA, kuma jikan ALOHAnet ne, wanda Norman Abramson da abokan aikinsa suka kunna a Jami'ar Hawai a 1971 don haɗa kwamfutocin tsibirai ta rediyo. A can ko sauraro ba a yi, kowa faɗin tasa yake, shi ya sa abin da ke isa lafiya bai kai kashi 19 cikin ɗari na ƙarfin tashar ba. Sababbin rauta masu Wi-Fi 6 sun iya yanka tasha su bai wa na'urori da dama tare, amma irin wadda yawancinmu ke saye, layi ake bi.

To, aikinka shi ne rage masu bin layin.

Fara da kebul. Duk abin da ba ya motsi, kwamfutar tebur, firinta, talabijin, ja masa kebul zuwa rauta ko suwic, wato akwatin da ke da kafofin kebul da yawa. A suwic kowace kafa hanyarta daban, babu karo. Ranar da na cire kwamfutoci shida daga iska, wayoyin suka numfasa.

Sai tasha, wato hanyar rediyon da rauta ke magana a kai, kuma nan ne na fi shan mamaki. Sauke manhajar duba waifai a wayar Android, za ta nuna maka duk rautocin maƙwabta da tashar da kowace take kai. Ni sha ɗaya na gani a benenmu. A zangon gigahaz 2.4, tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Juya rautarka, a bayanta za ka ga adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza, shiga saitin waifai, ka zaɓi wadda ta fi ƙarancin jama'a cikin ukun, faɗinta kuma ka bar shi a megahaz 20. Kada ka yi wayon da na yi. Na ga 1 da 6 sun cika, na ce bari in lallaɓa 4 inda babu kowa, abin ya ƙara lalacewa. In kuna tasha ɗaya da maƙwabci, na'urorinku na jin yaren juna, suna yi wa juna kara. In ka tsaya a tsakani, hayaniyar ɓangare biyu kake sha, su ma kana damunsu.

In rautarka na da gigahaz 5, tura wayoyin da ke cikin ɗaki can. Tashoshi sun fi yawa, sai dai ba ya jure bangon bulo da rufin kankare.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a zato: na'ura mai nisa. Mai shayin da ke ƙasan benenmu, mutumin kirki, na ba shi kalmar sirri tun buɗe shago. Wayarsa sanda ɗaya take samu. Waya mai raunin sigina a hankali take magana, abin da ta kusa za ta aika cikin ɗan lokaci ita sai ta ja shi, kowa kuma na tsaye yana jiran ta gama. Ƙari a kan haka, daga ƙasa ba ta jin wayoyin da ke sama, sai ta ɗauka shiru ne ta faɗo cikin maganar wani. Rautar kuwa a kan daɓen shagon na ajiye ta, bayan injin fotokwafi, ƙarfe ya tare ta. Na ɗaga ta sama, na kafe ta a bango kusa da ƙofa, inda take ganin shagon da matakala. Yanzu Malam mai shayi sanda uku yake samu.

Na ce masa, "Malam, bidiyo dai a bari sai bayan la'asar, lokacin masu fom sun ragu." Ya yi dariya ya ce to ai shi ma a lokacin ne ruwan zafinsa ke tafasa.