Yadda na tantance giyabos na hannu kafin in biya kuɗi

Tsohuwar bas ɗina, wadda nake jigilar 'yan kasuwa da ita daga Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ta fara fitar da giya ta 3 da kanta. Bakanikenmu ya ce a nemo giyabos na hannu kawai. Na taɓa sayen wani a rufe na yi asara, don haka wannan karon da sifana da farin tsumma na tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

Na ce wa mai kayan, “Alhaji, a yi haƙuri, zan kwance notin ƙasa.” Ya ɗan ɓata rai amma ya bari. Notin, wanda ta nan ake zubar da man giyabos, yana da maganaɗisu. A giyabos na farko da na duba, ɓarɓashin ƙarfe ne manya kamar tsakin masara suka manne masa, alamar haƙoran giya sun fara karyewa. Na zuba ragowar man a tsumma, sai ƙyalli ruwan tagulla, wato zobban da ke daidaita shigar giya sun cinye. Na ajiye shi.

Na biyun laka ce mai laushi kawai a notin, wannan ba komai ba ne. Na saka kowace giya har da ribas, ina juya sandar da ke shiga kuloci da hannu, ina kasa kunne. Ba gurnanin boris, sandar kuma ba ta girgiɗi sosai. Na goge jikinsa, ba tsagewa, ba walda.

Shi na saya. Da muka dawo gida mun canza sil biyu, wato robobin da ke hana mai yoyo, muka zuba sabon man giya mai lamba 80W-90. Mako 6 ke nan giya ta 3 tana zaune daram, ko da an cika bayan da buhunan gero.