Siket da wandon da ya kamata ki fara mallaka kafin ki ci gaba da tara kayan biki

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman ku da kunka fara makaranta ko aiki nan Gusau, da amaren da anka kawo ma lefe akwati cike amma kullum da safe sai an tsaya gaban durowa ana tunanin mi za a sa. Wallahi ba rashin kaya ba ne, kayan ne duk na biki. Leshi mai dutse, ankon wance, ankon ƙanwar wance, doguwar riga mai jela, amma siket guda da za ki zura ki ɗora hijabi ki tafi asibiti ko kasuwa babu shi. To a kan wanga nike son mu yi magana, abin da ke rufe ki daga ƙugu zuwa idon sawu, don shi ka shan wahalar yini duka.

Kafin komi, duk siket ko wandon da za ki biya kuɗi a kai ki gwada shi da abu huɗu: ki zauna ƙasa da shi, ki tsuguna kamar za ki yi alwala, ki yi sujada, sannan ki ɗaga ƙafa kamar za ki shiga keke napep ko ki hau kabu-kabu. In ya matse ki a ɗaya daga ciki, ko ya janye ya bar ƙaurinki waje, ko kinka ji ɗinki na ƙara, ki aje shi ko da kyawunshi ya kai ina. Mu ba tsayuwa gaban madubi muke yini yi ba, sau biyar muna sallah, muna zama kan tabarma gidan suna da gidan gaisuwa, muna duƙawa gaida manya.

Na farko kuma mafi muhimmanci, siket filen mai duhu marar zane ko ɗaya. In kuɗinki na abu guda ne to shi za ki yi. Kowa baƙi ka fara kawowa a rai kuma gaskiya baƙi na shiga da kowace riga da kowane hijabi, amma ki tuna garin da muke, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta raga ma baƙin kaya, kafin ki taka daga bakin titi zuwa aji gindin siket ya yi fari fat. Shi ya sa ni na fi son mace ta yi biyu, baƙi guda, sai guda ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan toka ko nebi bulu, waɗannan suna ɓoye ƙura kuma damina in laka ta fallatsa ba ta fitowa sosai. Ɗinkin ya zama mai buɗewa kaɗan daga mazaunai zuwa ƙasa, wanda teloli ka ce ma A-shef, ba mai kama jiki ba kuma ba mai cin yadi biyar da zai riƙa shara ba. Tsawonshi ya tsaya daidai idon sawu in kin sa takalmin da kike yawo da shi kullum, ba mai tsini na biki ba, don da yawa a nan ake kuskure, a yi awo da dogon takalmi sai a koma silifas siket na jan ƙasa, wata biyu bakin ya cinye ya yi baƙi kuma ga najasar kwata kina kwasowa zuwa kan sallaya.

Yadin fa shi ne rabin maganar. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan na haura digiri 40, kuma ki tuna bisa siket ɗin akwai hijabi har ƙasa, to in kinka sayi yadin da roba ce zalla, wanda ke sheƙi yana santsi a hannu, gumi ba ya da inda za shi, daga nan sai ƙuraje da ƙaiƙayi tsakanin cinya. Ki nemi mai auduga a ciki, ko kirif mai ɗan nauyi wanda ke zuba da kyau ba ya manne ma jiki. Yadda za ki gane a shago: ki dunƙule gefen yadin a hannu ki saki, in ya ɗan yamutse kaɗan akwai auduga, in ya koma sumul kamar ba a taɓa ba roba ta yi yawa. Sannan ki ɗaga shi ki kalli hasken ƙofa ta ciki, in kina ganin yatsunki to rana ma za ta nuna ƙafafunki, sai an sa mishi shafi. Kada ki ji kunyar yin wannan gaban mai shago, ko a kasuwar Tudun Wada ko Tsohuwar Kasuwa, ki ce Alhaji bari in duba a haske, ba wanda zai hana ki. Yadi biyu na isar mace matsakaiciya, mai jiki ta ƙara rabi.

Na biyu zani. Na san 'yan matan yanzu wasu na ganin ɗaurin zani na iyaye ne, amma dan Allah kar ki yarda durowarki ta rasa zani biyu masu kyau, ba na shiga kicin ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, ki cire biyu a yi miki kalmasa kawai ki aje, sauran huɗu riga da ɗankwali. Zani ba ya matse ki in kinka yi ƙiba, ba ya yi miki yawa in kinka rame, da ciki da jego duk yana tare da ke, kuma ranar da za ki gidan surukai ko ta'aziyya shi ne mutuncinki. Wadda ɗauri ke ba wahala ta ce ma tela ya yi mata zani mai igiya, a ido zani ne amma ciki ɗaure yake ba ya kwancewa ko da gudu kike.

Sai siket na atamfa, guda biyu sun isa a farko. Guda madaidaici, guda mai fasali shida wanda ke kama sama kaɗan ya buɗe daga gwiwa. A nan nike son in ja hankali, don abin na damuna ƙwarai in na ga yarinya ta kai atamfa mai tsada an yanka mata siket ɗin da ba ta iya taka matakala da shi sai ta juya gefe. Buɗewar mai fasali shida ta fara daga saman gwiwa da kamar inci uku, ba ƙasan gwiwa ba, in ta fara ƙasa to an ɗaure miki ƙafa. Madaidaicin kuma dole sai da tsaga a baya, amma ki ce a yi rufaffiya, wadda ake ninka yadi a ciki ta yadda in kin yi taku tana buɗewa ba tare da an ga fata ba. Kuma wurin zaɓen atamfar ki ɗauki wadda ke da kala guda mai ƙarfi a ciki da za ki iya samun riga filen irinta, ta haka siket guda zai yi miki shiga uku, da rigarshi, da filen riga, da kuma ƙarƙashin hijabi kawai in sauri kike. Mai manyan zane ki roƙi tela ya haɗa zanen a gaba ya zauna daidai, ko da zai ɗan ƙara cin yadi.

Andasiket ko fatari kar ki manta da shi, biyu ko uku na auduga, fari da baƙi. Ba ya da tsada kuma shi ka sa siket ya daɗe don shi ka shan gumin.

Yanzu wando. Mu nan kowa ya sani, tun kafin a ƙaddamar da shari'a a 1999 ma ba al'adarmu ba ce mace ta fito titi da wando tsurarshi, amma wannan bai sa wando ya zama ba dole ba, ƙarƙashin abaya da doguwar riga da hijabi aikinshi ya fi na komi. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne wandon ciki mai laushi na auduga wanda ya kai idon sawu, baƙi guda biyu aƙalla. Duk ranar da za ki hau mashin, ko tafiyar mota mai nisa zuwa Kaura Namoda ko Sakkwato ko Kano inda za a cusa ku ana hawa ana sauka, ko iskan farkon damina ya taso yana ɗaga abaya, shi ne sutura. Ki guji tait ɗin nan na roba mai kama jiki sosai a lokacin bazara, ki bar shi sai sanyi, kuma ko a sanyin ki cire da dare jiki ya sha iska.

Sai falazo, wando mai faɗin ƙafa wanda in kin tsaya kamar siket. Wallahi ga ɗalibai, ko na jami'ar tarayya ta Gusau ko na kwalejin ilimi ta mata ko foli ta Kaura, da malaman makaranta da masu aikin ofis, ban ga abin da ya kai shi daɗi ba, ki ɗora riga mai sauka har gwiwa ko ƙasa da haka ki sa hijabinki, kin rufu kuma kina walwala. Sai dai ki duba dokar shigar makarantarku ko wurin aikinku tukuna. Wurin da falazo ka ɓaci shi ne hantsa, in tela ya gajarta ta za ki ji yana cin ki in kinka zauna kuma nan ne yake fara yagewa, in ya zurfafa ta da yawa kuma yana haɗe miki cinya wurin tafiya. Yadda ake awonta mai sauƙi ne, ki zauna kan kujerar katako, a auna daga ƙugu zuwa saman kujerar ta gefe, a ƙara inci ɗaya zuwa biyu. Ƙafar kuma kar ta wuce misali wurin faɗi saboda sarƙar mashin da tayar keke, kuma in za ki shiga ban ɗaki ko alwala mai faɗi sosai sai kin tattare shi da hannu biyu. Yadi biyu zuwa biyu da rabi yake ci.

Jins guda ya isa in kina so, na sanyi da na tafiya, mai sakin ƙafa. A zafinmu ba abin sawa kullum ba ne. Na zaman gida kuma ki samu masu zariya ko roba guda biyu marasa nauyi, da su za ki yi shara da girki ki ƙyale na fita su huta.

Maganar tela kuwa, in da hali ki samu mace ta auna ki, yanzu kusan kowace unguwa akwai mata masu ɗinki cikin gida, in namiji ne ke miki ɗinki to ki kai mishi siket ɗin da ya zauna miki daidai ya ɗauki awo a jikinshi. Ki faɗi abin da kike so baki da baki kar ki tura hoto kawai ki yi shiru. Ki ce a ƙara inci biyu a mazaunai don walwala, a bar alawans na inci ɗaya da rabi a kowane gefe ta ciki saboda jikin mace ba ya tsayawa wuri guda, bayan aure ko haihuwa sai a buɗe kawai maimakon a ba da kyauta. Ki ce ƙugun ya zama ban, wato ɗamarar yadi marar roba, a gaba, roba a baya, gaba ya kwanta sumul baya kuma ya ba ki sarari bayan kin ci tuwo. Zif a sa mai ƙwari, a ɗora maɓalli ko ƙugiya a samanshi don kar ya riƙa zamewa. Kuma dan Allah ki ce a sa aljihu, ko guda ne a gefen dama mai zurfin da waya za ta shige, ban san dalilin da ya sa ake ɗinka ma maza aljihu huɗu mu a bar mu da ƙulle kuɗin keke a bakin ɗankwali ba. Lokacin kai ɗinki ma ki lura, irin waɗannan na yau da kullum kar ki kai su cikin azumi ko gab da babbar sallah, lokacin tela ba ya da natsuwar duba hantsa da aljihu, ki bari bayan sallah da sati biyu.

Wadda kuɗinta bai kai ɗinki ba gwanjo ba abin kunya ba ne, sau da yawa ma falazo da jins na gwanjo sun fi sababbin kanti ƙwari. Ki je da wuri ranar da anka kwance dila, ki juya wandon ciki waje ki duba hantsa da tsakanin cinya ko sun sille, ki ja robar ƙugu ki ji ko ta mutu, ki zuge zif sau biyu. In ba wurin gwaji ki zo da igiya ko tef da kinka auna ƙugunki da mazaunanki da shi daga gida. In kin kawo ki jiƙa da ruwan ɗumi da Dettol ki wanke ki shanya a rana sosai kafin ya taɓa jikinki.

Wanki kuma shi ka kashe baƙin siket da wuri. Ki juya shi ciki waje, kar ki bar shi ya kwana cikin omo, ki shanya a inuwa don ranar nan tamu tana cin kala da gaggawa. Sabuwar atamfa wankin farko ki yi mata ita kaɗai da sabulu marar ƙarfi. Guga ta ciki za ki yi, musamman kirif da duk yadi mai roba, in dutsen gawayi ne ki shimfiɗa ƙyalle a tsakani in ba haka ba zai bar miki sheƙi a mazaunai wanda ba ya fita.

In ba za ki iya yinsu lokaci guda ba, kuma yawancinmu ba mu iyawa da yadda yadi ya yi tsada, ki fara da siket mai duhu da wandon ciki biyu da andasiket, wata mai zuwa falazo, zani kuma ki cire daga atamfar da kike da ita. Amarya kuma kar ki kwashe lefe duka ki kai ɗinki a watan farko, ki ɗinka turmi uku ko huɗu ki rufe sauran cikin akwati da kafur, nan da shekara awonki zai iya canzawa.