Yadda Ake Kula da Tsohon Zomo Mai Ciwon Gaɓoɓi

A yawancin gidajenmu zomo ba ya kaiwa tsufa. Kafin ya cika shekara ya shiga tukunya ko an kai shi kasuwa. Amma akwai wanda ake ƙyalewa, ko don macen mai yawan haihuwa ce, ko don yara sun shaƙu da shi har sun raɗa masa suna. Irin wannan, in ya samu kulawa, yana iya yin shekara 8 zuwa 12, kuma daga shekara 5 ko 6, musamman manyan zomaye masu jiki, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa kan fara zaizayewa. Shi ne amosanin gaɓɓai. Ba ya warkewa, amma ana rage masa raɗaɗi sosai, kuma yawancin aikin a ƙasan keji yake, ba a kantin magani ba.

Fara da lura. Zomo dabba ce da shaho da muzuru ke farauta, saboda haka ɓoye ciwo a jininsa yake, ba za ka ji ya yi kuka ba. Abin da za ka gani shi ne ya daina tsalle yana jan ƙafafun baya, ya daina hawa akwatin da ya saba kwana a kai, ya daɗe a takure wuri guda. Kunnuwansa sun cika da dauɗa domin ƙafar da yake susa da ita ba ta kaiwa. Babbar alama kuwa ita ce ƙazanta a gindi. Zomo lafiyayye yana fitar da kashi iri biyu: busasshe da muka sani, da wani mai laushi a dunƙule wanda yake lanƙwasawa ya cinye tun yana fitowa, yawanci da dare ko da asuba, domin akwai bitamin da sinadarin gina jiki a ciki. Gadon bayan da ya sandare ba ya lanƙwasuwa, sai wannan kashin ya manne a gashi. Mutane da dama su ce zawo ne, su hau ɗura masa magani, alhali ƙugu ne ke ciwo.

Daga nan a kai shi wurin likitan dabbobi. Ba duk jan ƙafa ne amosani ba. Karayar ƙashin baya na kawo shi, haka wata ƙwayar cuta da ke taɓa jijiyoyi da ƙoda, kuma hoton ƙashi ne ke taimakawa a bambance. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Maganin raɗaɗin da likitoci suka fi ba zomo shi ne meloxicam, ana auna shi gwargwadon nauyinsa, kuma likita zai so ya san lafiyar ƙodarsa tunda maganin na dogon lokaci ne. Kada a ɓare ƙwayar mutane a ba shi. Amoxicillin da ampicillin ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, suna iya kashe shi kansa. Maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da fipronil shi ma guba ne gare shi.

Wajen ɗaukarsa, a bar al'adar nan ta kama kunnuwa a ɗaga. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, a haɗa shi da jikinka. Ƙashin bayan zomo ba shi da ƙwari, harbawa ɗaya a iska tana iya karya shi.

Sai shimfiɗa, wadda a ganina ta fi komai sauya masa rayuwa. Kejin da aka yi wa ƙasa da ragar waya yana da sauƙin shara, amma tsohon zomo da ke wuni a zaune zai samu gyambo a dundunniya, tunda ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kare ko kyanwa, gashi ne kawai. Tayil da siminti mai santsi kuma suna sa ƙafafunsa su baje. A sauko da shi ƙasa, a shimfiɗa tsohon kafet ko tabarmar roba mai kauri, a ɗora tawul ko bargo a wurin kwanciyarsa, a riƙa sauyawa da zarar ya jiƙe. In yana tauna abin da aka shimfiɗa, a maye shi da busasshiyar ciyawa mai tudu. Duk inda yake tsallake dandamali ko bakin ƙofa, a jingina faffaɗan katako mara tsayin gangara, a lulluɓe shi da kafet, a buga masa ɗan gefe don kada ya zame ya faɗo. Robar da yake fitsari a ciki a yanke mata gefe ɗaya ya rage tsayin yatsu biyu, a goge kaifin.

Abinci da ruwa su matso kusa da makwancinsa. Kwano mai nauyi mara zurfi ya fi masa kwalbar nan ta rataye da sai ya miƙa wuya. Ciyawa, busasshiya da ɗanya, ita ce ginshiƙin abincinsa, a haɗa da ɗan harawar gyaɗa ko ta wake da ganye kamar na dankalin Hausa. A rage dusa da hatsi in yana da ƙiba, domin kowane ƙarin nauyi a kan gaɓar da ke ciwo yake sauka. In kuma ramewa yake yi, a sa likita ya duba haƙoransa.

Gindin nan a duba shi safe da yamma, ba fashi. A ƙasarmu mai zafi ƙuda na yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, kuma cikin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shiga cin nama. In ka ga tsutsa, asibiti a take. In ƙazanta ce kawai, zuba ruwan ɗumi kaɗan a baho, ka riƙe ƙirjinsa a sama, ka sa gindin kaɗai a ruwa, ka murje da yatsu har ya saki. Ba a yi wa zomo wankan jiki duka, firgita da sanyi na iya kayar da shi. Tsane da tawul har fata ta bushe ƙarau. Fatarsa siririya ce ƙwarai, don haka rage gashin wurin da almakashi aikin wanda ya iya ne. Kashin nan mai laushi in ka same shi sabo, ajiye masa a gaba, wasu sukan ci. Gidan sauro a kan keji yana rage ƙudaje. Kunnuwa a goge abin da ido ke gani da auduga mai ɗan danshi, ba a zura tsinke. Farce kuma a riƙa yankewa, tunda ya daina tona ƙasa, kuma dogon farce yana karkatar da takunsa.

Kada tausayi ya sa a kulle shi. Gaɓar da ba ta motsi ƙara sandarewa take. A bar shi ya zagaya tsakar gida da sanyin safiya ko bayan la'asar, a ɗan nisanta ganyen da yake so don ya taka. In ƙafafun baya sun yi rauni, a ratsa ƙyalle mai faɗi ta ƙarƙashin cikinsa, a riƙe bakin biyu a sama, ana rage masa nauyi yana tafiya da kansa. Akwai kuma ɗan keke da ake haɗawa da siririn bututun roba na masu aikin famfo, da tayoyin motar wasan yara, da ƙyallen da ciki zai kwanta a kai. Wannan na wanda ƙafafun bayansa suka kusa daina aiki ne kuma na gaba suna da ƙarfi. Ana farawa da minti 5 zuwa 10, kana tsaye a kansa, domin ba ya iya kwanciya a ciki, sannan a duba fata ko ta goge. Wasu zomayen ba sa yarda da shi sam, kuma ba a tilasta musu.

Da hunturu a kare keji daga iska da buhu, a naɗe gorar ruwan ɗumi a tawul a ajiye a gefe, da sararin da zai matsa in zafin ya ishe shi. Ba a kai garwashi kusa. Bazara ta fi haɗari, domin zomo na jigata da zarar zafi ya haura digiri 30, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu mukan wuce 40. Inuwa mai iska, gorar ƙanƙara a naɗe a ƙyalle, da shafa wa kunnuwa ɗan ruwa suna taimakawa.

Kullum ka dubi yawan kashinsa da abin da ya rage a kwano. Raɗaɗi na hana zomo ci, kuma in ya daina ci hanjinsa tsayawa yake. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, a kai shi wurin likita a ranar, ba a jira gobe.